Illa da Ƙarfen 'Yar Ja

Har ya koma ga Mahaliccinsa, mutanen Matameye Illa Mai Mota suke kiransa, alhali bawan Allahn nan bai taɓa tuƙa mota ba, balle ya mallaki ko da taya ɗaya. Sana'arsa ta gado kula da dawaki ce. A barga ya tashi, ya san yadda ake wanke doki a goge shi, ya kuma iya gane fushinsa tun daga kunne. Da Faransawa suka zauna da gindinsu a ƙasar Damagaram, gyaɗa ta fara daraja, sai wani Nasara mai sayen gyaɗa ya kafa ma'auni a garin. Sunansa ya gagari bakin mutane, suka huta da kiransa Mushe Gajere, Mushe ɗin kuwa yadda suke faɗin "monsieur" na Faransanci ne. Shi ya ɗauki Illa aikin doki, daga baya ya rabu da dokin ya kawo mota, aikin Illa ya koma kanta.

Mota ce ja wur, kujera biyu, ba rufi, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ko buhun gyaɗa ɗaya ba ta ɗauka, amfaninta gudu da kwalliya kawai. Aka sa mata 'Yar Ja. Illa ke goge ta safe da yamma, shi ke tada ta kuma. A gabanta akwai wani rami da ake zura lanƙwasasshen ƙarfe, a yi ta juyawa da ƙarfin damtse har ta yi tari ta kama. In babu ƙarfen nan, 'Yar Ja ba ta zuwa ko ƙofar gida.

Da rani ba wanda ya damu da ita. Rigimar ta damina ce. Mushe ba abin da yake so kamar ya fita washegarin ruwa, lokacin da yashi ya kwanta, iska ta yi sanyi. Illa kuwa ya sha faɗa masa cewa fadamar da ke kan hanyar Kance ba ta san kyan mota ba. Mushe ya yi dariya ya ce a ƙasarsu cikin ruwa ake tuƙi, mota ai ba gishiri ba ce da za ta narke.

Ba ta narke ba, gaskiyarsa, amma ta kafe. Washegarin ruwan shuka ne ta nutse a fadamar har ƙofa. Motar Nasara a tsakiyar hanya kuwa ba abin da ake bari ya kwana biyu ba ne, sai aka turo dogarai suka bi gonaki suka tattaro maza wajen arba'in, kowa ya ajiye sunguminsa ya kama igiya. Yini biyu suka yi cikin laka. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san yashinta ba ya riƙe danshi, kwana biyu ne ko uku ya sha ya bushe. Kafin su koma gona ƙasa ta yi fari, ruwa na biyu kuma bai zo ba sai bayan kwana ashirin da wani abu. Geronsu bai gama nuna ba damina ta ɗauke. Cikinsu har da Ummaru, wan Illa. Illa ya ga rumbun wansa ya ƙare tun kafin tsakiyar rani, ya ga yaran gidan sun koma cin tafasasshen ganye. Ba wanda ya zarge shi, amma shi ya san hannunsa ne ya tada motar ran nan, abin ya tsaya masa a rai shekara guda cur.

Da damina ta zagayo, ruwan shuka ya sauka da la'asar, mai yawa, irin wanda ke sa tsofaffi hamdala. Ruwa bai gama tsayawa ba Mushe ya leƙo ya ce a shirya 'Yar Ja, gobe da safe Kance zai tafi. Illa ya roƙe shi ya jinkirta kwana uku kacal. Mushe ya ce ba manomi ba ne shi.

Illa ya je gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Zainabu, mace ce mai saurin yanke magana, ta ji bayani ta tambaye shi abu ɗaya: shin motar tana tashi ba ƙarfen nan? Ya ce ba ta tashi.

Ta ce, "To Malam, kawo mini shi da safe. Ni kuma kada ka tambaye ni inda zan kai shi, don in an sa ka rantsuwa ka rantse da gaskiya."

Da gari ya waye ya kawo mata, ta ɗaure ƙarfen tare da sungumi, ta ɗora ƙwaryar iri a ka, ta nufi gona ita kaɗai.

Mushe ya fito da hularsa da tabarau, ya tarar ba ƙarfe. Aka duba ɗakin ajiya, aka duba ƙarƙashin mota, aka zazzage har buhunan banza. Illa ya rantse bai san inda yake ba, kuma a lokacin bai sani ba ɗin. Mushe ya ce a nemo masu turawa. Ina za a same su? Gari duk ya watse gona, ba kowa sai tsofaffi da awaki, motar da ke zaune lafiya a gida kuwa ba ta isa a tada dogarai ba. Yini biyu Mushe yana zagi da Faransanci yana sa Illa sake tonon inda aka riga aka tona. Illa na nema, ransa na gona. Ya san Zainabu ita kaɗai ba za ta iya sara da zuba iri da rufewa ba, ko kwatar gonar ba za ta ci ba. Ya ceci shukar mutane, tasa ce za ta tafi.

A rana ta uku, da ƙasa ta fara bushewa, ya karɓi ƙarfen a hannun matarsa ya kai. Ƙarya ba halinsa ba ce, don haka ya ajiye shi gaban Mushe ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa. Mushe ya yi ja har wuya. Sannan ya ce ba zai kai shi ƙara ba, amma kada ya sake ganin ƙafarsa a gidan. Illa ya yi godiya, don ya zaci abin zai fi haka, ya shafa 'Yar Ja sau ɗaya ya fita.

Daga nan gona ya wuce, ba aiki, ba kuma sa ran shuka. Abin da Zainabu ba ta gaya masa ba shi ne, ɓoyon da ta yi wa ƙarfen bai wuce jingina shi da gindin gawo a bakin hanya ba, inda duk mai wucewa zai gani. Wanda ya tambaya kuma ta ba shi labari har da ƙari.

Ya isa ya tsaya a kan iyaka. Gonar a shuke take tun daga gawon har ƙarshenta, layi bayan layi, kowane rami an rufe shi da dunduniya. Sawayen kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, manya ne, na maza, sun cika ko'ina. Ummaru na zaune a inuwa yana kankare ƙasa daga bakin sunguminsa.

Illa ya ce, "Yaya, su wa suka yi wannan?"

Ummaru bai ɗago ba. Ya ce, "Mutanen da suka ja igiya bara. Kowa ya gama tasa ya biyo ta nan. Taka ta riga tawa kammaluwa."

Illa ya tsuguna ya tona rami ɗaya da yatsa. Ƙwayar geron na nan cikin danshi, ta kumbura, har ta fasa baki. Ya mayar da ƙasa a hankali ya rufe, ya daɗe a tsugune yana gode wa Allah, hawaye na bin gemunsa.