Titus Mai Rijiya da Zaburar da Ya Yi Shekara Ashirin da Ɗaya Yana Nema

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Titus Bakari a shekarar 1927 a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Kaltungo, mahaifinsa Bakari manomi ne, mahaifiyarsa kuwa ita ce wadda aka yi wa baftisma daga baya da suna Dokas. Bai taɓa zama a benci na makaranta ba, domin tun yana da shekara goma aka miƙa shi ga wani kawunsa mai haƙar rijiya, a can ya koyi ƙa'idar da ya riƙe har ƙarshen ransa, wato ba a ƙara taƙi guda a ƙasa sai bangon da ke sama ya tsaya daram.

Zuwa Gombe da sana'a

A shekarar 1951 ya iso Gombe da dagi da igiya, lokacin auduga na tashe, ruwa kuwa ya fi nama wuya a garin. A Kasuwar Gombe ya haɗu da Bawa, wanda daga bakinsa aka rubuta wannan tarihi, Bawa ya zama mai riƙe masa igiya shekara talatin ba tare da ta taɓa suɓuce masa ko sau ɗaya ba. Mahaƙa goma sha ɗaya ne a garin a wancan zamani, kuma duk wanda zai faɗi gaskiya ya san Titus da Bawa ne gaba, sauran na bin sawu. Rijiya sittin da huɗu suka haƙa tsakanin Dawaki da Bagadaza, babu wadda ta rufta da mutum. Yau goma sun kwanta dama, Bawa kaɗai ya rage, da haƙoransa.

Aure da iyali

A shekarar 1955 ya auri Hilda, wadda ta yi aji uku a makarantar mishan, ta kuma shigo ɗakinta da Littafi Mai Tsarki na Hausa a naɗe cikin zane. Titus mai zuwa sujada ne, yana da murya a waƙa, amma mutum ne mai zafin zuciya, wanda idan aka taka shi ba ya mantawa.

Rijiyar Bagadaza

A shekarar samun 'yancin kai ya mallaki fili a Bagadaza, maƙwabcinsa kuwa Bamanga ne, Bafulatani mai shanu. Titus ya ƙudura zai haƙa wa iyalinsa rijiyar da ba a taɓa gani ba. Sai dai ya yi kuskuren da mahaƙi ne kawai zai yi shi: ya bi alamar ruwa, wato wani tsohon suri da ke gindin ɓaure, bai dubi duwatsun iyaka ba. Wata bakwai shi da Bawa suna aiki, Bamanga kuwa yana can mashekari, wurin kiwo mai nisa, da shanunsa, suka fasa marmara, suka cim ma idon ruwa a zurfin gaba talatin da biyu, ruwa garau mai sanyi.

Da Bamanga ya dawo a 1962 aka auna a gaban mai unguwa, sai ga rijiya ta shiga filinsa da taku huɗu, hukunci ya ba shi. Bamanga bai yi rashin mutunci ba, ya aiko da karsana ladan wahala, ya kuma ce iyalin Titus su ɗebi ruwa har abada. Titus ya mayar da karsanar, ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa shi da zuriyarsa ba za su sha ruwan nan ba, ƙafarsa kuma ba za ta sake sauka cikinta ba. Daga ranar Hilda ta koma ɗauko ruwa daga nesa, alhali ga rijiyar mijinta tana jin ƙarar guganta ta bayan zana.

Koyon karatu

A shekarar 1963 Titus ya ji ana cewa akwai wata Zabura inda Dawuda ya kai ƙarar maƙiyinsa, ya roƙa masa gajeren kwana da watsewar gida. Ya dawo ya umarci Hilda ta nemo masa ita, ya haddace, ya sa sunan Bamanga. Amsar da ta ba shi Bawa yana zaune aka yi ta: "Baban Ishaya, ka taɓa fara rijiya daga gindi? In kana son ta, ka fara daga baki ka sauka da kanka, tana can ƙasa tana jiran ka." Kunya ta hana shi tambayar wani a ikkilisiya, fushi kuma ya hana shi bari, saboda haka ya zauna gaban matarsa ya koyi baƙaƙe yana da shekara talatin da shida.

Shekara biyu ya yi kafin ya iya haɗa jimla. Daga nan ya shiga zaman nazari na ranar Laraba da yamma wurin Malam Timoti, mai bishara, ya kuma kawo ƙa'idar sana'arsa cikin karatu: ba ya wuce sura sai ya gane ta, ko da za ta ci wata uku. Bawa yakan zauna a gefe yana saurare, bai koyi ko baƙi ɗaya ba, amma har yau babu faston da zai kayar da shi a labarin Yusufu.

A shekarar 1968 Titus ya kai sura ta ashirin da shida ta Farawa, inda Ishaku ya haƙa rijiya makiyaya suka ce tasu ce, ya bar musu, ya haƙa wata suka sake karɓa, ya matsa gaba ya haƙa ta uku. Nan dagi ya ci karo da dutse. Ya ce wa Malam Timoti, "Malam, wannan mutum bai taɓa shiga rami da kansa ba, bayi suka haƙa masa, shi ya sa ya ga arha." Malam ya ce to ya wuce gaba mana. Titus ya ce bango bai tsaya ba. Shekara biyar cur ya yi a kan surar nan, 'yan aji suka gama Linjila suka dawo suka same shi, har suna tambayarsa ko Ishaku ya ba shi masauki ne.

Farin 1973

A wannan shekara ruwa ya ɗauke, rijiyoyin gari suka ƙafe, ta Bagadaza ma da unguwa duka ta dogara da ita ta koma laka. Mahaƙa biyu suka leƙa suka ƙi sauka, domin babu wanda ya san inda bangonta ke da rauni sai wanda ya gina shi. Bamanga, saboda nauyin rantsuwar, bai iya roƙo ba.

Wata Alhamis da hantsi Titus ya rufe littafinsa, ya je gidan Bawa ya ce, "Ɗauko igiya. Na gane Ishaku. Ba tsoro ba ne, mutumin ya san mai ba da ruwa ba ya cikin ramin." Ya tsaya a ƙofar Bamanga ya yi sallama karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, ya shaida wa jama'a cewa rantsuwarsa ta fushi ce, ya tuba da ita. Kwana tara yana yasar rijiyar, ya ƙara gaba biyu, Bawa na bisa da igiya, Joda ɗan Bamanga na jan kwandon laka. Da idon ruwa ya buɗe, ƙwaryar farko Bamanga ya miƙa wa Hilda, ta biyu Titus ya shanye a tsaye.

Shekarun baya

Da kuɗin mai suka shigo aka kawo injin burtsatse da tankokin ruwa, sana'ar dagi ta mutu, mahaƙa suka koma gadi. Ruwan injin kuwa, duk wanda ya sha na da ya san ba ɗaya ba ne. Titus ya ci gaba da karatunsa a hankali, aka zaɓe shi dattijon ikkilisiya a 1978, masu rikicin iyaka na kowane addini suka riƙa kawo masa ƙara. A watan Yuli na 1984 ya iso Zaburar da ya fita nema. Ya karanta ta daga farko har ƙarshe, Hilda ta tambaye shi sunan wa zai sa, ya daɗe yana dubawa a zuciyarsa, sannan ya ce bai sami kowa ba.

Rasuwa

Titus Bakari ya rasu ranar 9 ga Maris, 1991, yana da shekara sittin da huɗu, tsinken alamarsa na cikin littafin Irmiya. Bawa ne ya haƙa kabarin da hannunsa, bango a tsaye kamar yadda marigayin yake so, Joda kuma ya kawo tulu biyu daga rijiyar Bagadaza aka kwaɓa ƙasar rufi. Ya bar matarsa Hilda da 'ya'ya huɗu: Ishaya, Elizabet, Christy, da autarsu Dokas. Rijiyar tana nan har yau, ba a taɓa kulle ta da kwaɗo ba.