Hannun Hagun Barba Vicko

A tsibirinmu, in ka hangi tsoho yana tafe a bakin tashar jiragen ruwa yana kai hannun hagu bayan ƙugunsa kamar mai laluben aljihun da tela bai ɗinka ba, to Barba Vicko ne, maƙwabcina. Ba ƙaiƙayi ke damunsa ba. Ko a coci yana yi, har Fada ya gaji ya daina kallo.

Shi ne na farko a garinmu da ya nutsa cikin teku ba don kifi ba, ba don soson teku ba, sai don kallo kawai. Masunta suka ce ai ko mahaukaci da ganima yake dawowa. Tukunyar iskarsa ta farko ta kashe gobara ce. Rigarsa suwaita biyu na ulu, saƙar matarsa Perina. Dalmar da ke janyo shi ƙasa kuwa daga komar surukinsa ya ciro ya narka, ba tare da ya wahalar da surukin da tambaya ba. Perina ba ta hana shi ba. Ta ce dai ya riƙa cire zoben aure kafin ya shiga, kada a yi asara biyu.

A wancan zamani babu agogon da ke nuna sauran iska. Shaƙa kake yi har numfashi ya yi tauri, sannan ka kai hannu baya ka ja wani siririn ƙarfe da ke gefen tukunya, ya buɗe maka 'yar ajiyar da za ta kai ka sama. Sai dai dutse ko ciyawar ruwa kan ja ƙarfen ba ka sani ba, ka shanye ajiyar kana cikin nishaɗi. Shi ya sa mai son ganin jikokinsa yake taɓa ƙarfen a kai a kai. Hannun Vicko ya koyi wannan aiki, bai kuma taɓa neman hutu ba.

Sai duniya ta juya. Baƙi suka cika gari da rigunan roba masu launi da agogunan da ke kuka in ka yi saurin hawa. Aka ce ba a ɗauko komai daga ƙasan teku, ba a kuma nutso mutum shi kaɗai. 'Yarsa Dinka ta buɗe shagon koyar da nutso, kuma injin cika iska ɗaya tak da ke ɓangarenmu nata ne. Ta ƙi cika tukunyar da ya tsufa da ita, ta ce ba ta shirya sake rufin shago ba in ta fashe, aka mayar da ita abin tokare ƙofar ɗakin giya.

Vicko ya karɓi sabbin kayan duka, har ya yarda cewa roba ta fi ulu. Agogon iska ne kawai bai taɓa dubawa ba. Yakan bar shi yana reto a bayansa kamar wutsiya, ya ce huhunsa ne agogonsa.

Wata bazara suka sauka bangon dutsen da ke ƙarƙashin ruwa a bayan tsibiri, shi da Dinka da wasu Jamusawa. Yana can yana gaisawa da wani tsohon kifi da ya ce sun san juna, numfashi ya yi tauri. Ya kai hannu baya, babu ƙarfe. Sabuwar tukunya ba ta da ajiya. In ta ce ta ƙare, ta ƙare. Dinka ta cusa masa tiyon iskarta na biyu a baki, ta riƙe shi a ɗamara kamar akuyar da za a kai kasuwa. Kusa da sama suka yi 'yar tsayuwar da ake yi dole don jiki ya saba kafin a fito, fuska da fuska, ba damar magana. Ta ce mini a ransa ya fi son nutsewa da wannan kallon.

A cikin jirgi ya fara bayanin cewa laifin masu ƙera tukunya ne.

"Baba, ba zan ƙara cika maka iska ba," in ji ta.

"Ke da na koya wa iyo a kwanon wanki?"

"Ni ɗin. Ka je kwanon ya cika maka."

Daga ranar ya zauna a tudu. Mutumin da bai taɓa ciwon kai ba ya fara lissafa gaɓoɓinsa. Yana zama a tasha yana gaya wa baƙi sun ɗaura kaya daidai, cikin muryar ta'aziyya. A gida kuma ya shiga koya wa Perina yankan albasa. Ta je ta sami Dinka ta ce ko dai a mayar da shi teku, ko ita ta shiga, kuma ba ta buƙatar tukunya. Dinka ta ce uban da ke gunaguni ya fi wanda ake kai wa furanni a kabari.

Wata Lahadi ina gidan ana cin gasasshen kifi, na lura Dinka ba ta ci, hannun ubanta take kallo. Ya ɗauki burodi, hannu ya je baya. Ya kurɓi giya, ya sake komawa. Ta tashi, muka ji ƙofar ɗakin giya ta buga. Ta dawo da siririn ƙarfen nan, duk tsatsa.

Ta goge shi, ta ɗaure agogon iska a jikinsa, ta maƙala shi da igiyar roba a ƙugun hagu na sabbin kayan, daidai inda ya saba zama. Ta ce gwaji ɗaya ne, a ruwa mara zurfi. Suna sauka hannu ya tafi aikinsa, ya sami ƙarfe, ya ja, sai ga agogo a gaban hancinsa. Ba yadda zai yi, ya duba. Kafin su fito ya duba shi fiye da Jamusawa.

Yanzu yana nutso duk ranar da teku ta kwanta. A tasha yana gaya wa kowa cewa dabarar tasa ce, Dinka ɗauri kawai ta yi, kuma ɗaurin ma da gyara. A coci kuwa hannun yana nan yana zuwa baya, sai dai yanzu yakan dawo da shi gaban fuskarsa ya ƙura wa tafin ido. Fada ya gaya wa Perina cewa ya ji daɗi, da alama mijinta ya fara addu'a.