Taku Ashirin da Uku na Inna Laraba

An tone hanyar da mahaifiyata ke bi zuwa bayi, an shimfiɗa tayil mai santsi a kanta, alhali ita makauniya ce. Waɗanda suka sa aka yi haka 'ya'yan cikinta ne, yayana Sirajo da ƙanena Muzzammil. Ni ce Zahra'u, ta tsakiyarsu. Ina aure a Kalgo, ina sayar da abinci kusa da ƙofar jami'a. Na ɗauki biro ne saboda na gaji da magana a waya ana katse ni.

Sunanta Laraba, amma duk unguwarmu a Gwandu Inna ake ce mata. 'Yar Dodoru ce, aure ya kawo ta gidan mahaifinmu Malam Mamman, manomin albasa, yau sama da shekara hamsin. A zamaninta babu matar da ta kai ta iya daɓe. In za a daɓe ɗakin amarya ko tsakar gida, ita ake fara aika wa goro. Ita ke zaɓen tsakuwa, ita ke jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar da ke ƙarfafa daɓe, ita ke gaban mata da madaɓi a hannu, tana buga ƙasa har ta yi tauri kamar dutse. Tsakar gidanmu ita ta daɓe shi da hannunta, ina goye a bayanta. Daga baya Baba ya zuba siminti a wasu wurare, amma tsakiyar ya bar mata, don ya ce siminti bai kai aikinta ƙwari ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da idanunta suka tafi. A hankali suka tafi, na hagu sannan na dama, likita ya ce jijiya ce ta mutu. Mun saya mata sanda, ta ba maƙwabciya ta kore awaki da ita. Mun ce za mu samo mai yi mata jagora, ta ce ita ba baƙuwa ba ce a gidanta. Da ƙafa take ganin gidan. Daga bakin ƙofarta taku huɗu, yatsunta su taɓa tsohon dutsen niƙa da aka binne rabinsa a ƙasa. Daga nan taku tara zuwa saiwar dogon yaro da ta kunno sama. Ta juya dama, taku shida, hannunta ya sami wata ƙusa da Baba ya kafa mata a bango shekara guda kafin ya rasu. Taku huɗu kuma, ga ƙofar bayi. Ashirin da uku. Da buta a hannu take yin su, ba ta taɓa kiran kowa ba. In baƙo ya zo ya ga tana ratsa tsakar gida, sai an faɗa masa kafin ya san ba ta gani.

Bara Sirajo, da ke aiki a Abuja, ya ce zai gyara gidan. Ban ƙi ba, kuma har yau ban ce gyara laifi ne ba. Rufin yana yoyo, bangon zaure ya tsage. Na ɗauko Inna ta zauna wurina a Kalgo wata huɗu, aka yaye kwano, aka ɗaga bango, aka sa sabbin tagogi. Wata huɗun nan kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta koma, don a gidana sai an riƙe mata hannu. Da aka gama ɗakinta na mayar da ita. Ranar ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta taka daɓenta, ta ƙirga har bayi ta dawo, tana dariya.

Sai aka shiga aikin ƙarshe, filasta da fenti da tayil, aka ce dole a gama kafin Babbar Sallah don Sirajo zai zo da abokan aikinsa. Ni ina Kalgo kan tukunya, ban san abin da ke gudana ba. Aka sare dogon yaro, wai saiwarsa za ta ɗaga tayil. Aka haƙe dutsen niƙa aka jefar a bayan gida. Mai filasta ya zare ƙusar Baba ya shafe gurbinta. Sannan aka fara jera farin tayil daga zaure ana nufo ƙofar Inna, kullum layi biyu ko uku. Muzzammil ne ke tsaye kan aikin. Ya ɗauki hoto ya tura Abuja, daga can a ce ya yi ko bai yi ba. Gidan makauniya, a hoto ake duba shi.

Ga inda abin ya lalace. Sirajo ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar zamanin da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta roƙonsa, ba ta yi masa ƙorafi. In ya bugo waya ya gaishe ta, wanda ke riƙe da wayar take ba amsa. Shekararsa hamsin da biyu, ya san wannan kunyar sarai. Amma da yake ta yi masa daidai a wannan karon, sai ya ɗauki shirunta ya mai da shi amincewa.

Ranar Talatar da ta wuce na shigo Gwandu da azahar, rana kamar za ta narka mutum. Injin yanka tayil yana ta ihu a tsakar gida, farar ƙura ta rufe komai. Na sami Inna zaune kan tabarma, ta jingina da bango. Tulunta cike yake har baki. Kofin da ke kansa ya yi ƙura, alamar ba a taɓa shi ba tun safe. Leɓenta ya tsattsage.

Na ce, "Inna, azumi kike?"

Ta ce, "A'a."

"To me ya hana ki shan ruwa?"

"Ba ni jin ƙishi."

"Cikin wanga zafi? Inna, ki ji tsoron Allah."

Na ɗebo ruwa na kai bakinta, ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin. Da na kama hannunta sai ta ɗan yi ƙara. Na yaye mayafinta, na ga gwiwar hannun ta kumbura ta yi baƙi.

Mai sa tayil ɗin ne ya faɗa mini gaskiya. Gideon sunansa, mutumin Zuru ne, dattijo mai furfura. Ya kashe injinsa ya matso bakin ƙofa, ya cire hula.

Ya ce, "Hajiya, tun da kin gani, bari in faɗa miki. Ranar Lahadi Mama ta faɗi. Ta fito da buta, ruwa ya ɗiga kan tayil, ƙafa ta tafi. Ni na ruga na kira matar maƙwabta ta ɗaga ta. Kafin nan ma sau biyu ina ganinta tsaye a tsakiyar fili tana lalube, ba ta san gabas ba ba ta san yamma ba. Tun daga ranar ban ƙara ganin ta fito ba sai sau ɗaya a yini, in matar nan ta shigo."

Sai a lokacin na gane. Ta daina shan ruwa ne don kada fitsari ya matse ta. Matar da ta daɓe rabin gidajen unguwar nan ta zaɓi ƙishirwa a kan ta kira wani ya kai ta bayi.

Na ce, "Kai kuma ka ci gaba da jerawa?"

Ya ce, "Na faɗa wa Muzzammil tun ranar farko. Na ce akwai tayil mai kaushi, ko a bar mata layi guda na siminti daga ƙofarta zuwa can, faɗin ƙafa biyu kawai. Ya tura wa Alhaji Sirajo. Alhaji ya ce zai ɓata tsari."

Muzzammil na zaure yana danna waya. Na kira shi da ƙarfi har masu fenti suka leƙo.

Ya ce, "Yaya, mi ya yi zafi haka? Ai an yi mata bayi a cikin ɗaki."

"An haɗa masa ruwa?"

"Bayan Sallah mai famfo zai zo."

"To har bayan Sallah ta riƙe? Kuma kai ka taɓa ganin Inna ta yarda ta kama ruwa a ɗakin da take salla? Kira mini Yaya Sirajo."

Ya kira, ya sa a bayyane kowa na ji. Na faɗa wa Sirajo komai, faɗuwar da tulun da kumburin. Ya saurara, sannan ya ce, "Zahra'u, ke dai ba ki rabo da tada hankali. Kullum ina gaishe da Inna, ba ta taɓa cewa komai ba. Ba ta wayar."

Na kai wayar kusa da ita. Ya ce, "Inna, barka da rana. Aikin nan akwai abin da ya dame ki?"

Ta kau da fuska wajen bango, kamar yadda take yi tun yana yaro. Ta ce da ni, a hankali, "Ce wa wancan aiki ya yi kyau. Allah shi yi albarka."

Ya ce, "Kin ji ko? Da bakinta."

Na ce, "Yaya, aiki ya yi kyau a idon wa? Da wane idon ta gani?"

Ya ce yana cikin taro, ya kashe.

Na zauna gabanta, raina na tafasa. Na ce, "Inna, don me? Kalma ɗaya za ki faɗa a gyara."

Ta ce, "Ya kashe ƙarfinsa a kan gidan ga. In buɗe baki in ce masa bai yi ba? Ni ban iya ba, ɗiyata. Ban iya ba tun farko, ba yanzu zan koya ba."

Da la'asar na kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta ja fatar hannunta ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu. Matar ta kira ni gefe ta ce tsohuwa irin wannan, a zafin nan, in ta ƙara kwana uku haka ƙodarta za ta iya tsayawa. Na ce a rubuta mini a takarda, aka rubuta, na sa Muzzammil ya ɗauki hotonta ya tura Abuja, tunda hoto kaɗai ake ganewa a can. Har yanzu ba amsa.

Da muka dawo na ce mu gwada hanyar bayi. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofarta. Abin da ya rage na daɓenta ke nan a duk gidan, ɗan wurin da ke gaban ɗakinta, tayil bai kai ba tukuna. Ta taka, ɗaya, biyu, uku, huɗu, da ƙarfinta kamar da. Yatsunta suka nemi dutse, suka sami ramin da aka cike da yashi. Ta ɗaga ƙafa ta sa a kan tayil, ta tsaya. Na ga ƙafar tana shafa shi, gaba, gefe, tana neman abin da za ta gane. Ko'ina iri ɗaya. Ta miƙo hannu cikin iska, ta ce, "Zahra'u, kina nan?" Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yi mini wannan tambayar a gidan nan ba.

Ban koma Kalgo ba. Na rufe rumfata, masu cin abincina su yi haƙuri. Na je bayan gida na tono dutsen niƙan daga cikin ɓaraguzai, Gideon ya taya ni muka mirgino shi har ƙofar Inna. Yanzu ni ke kai ta bayi, kuma sai na tsaya a kanta kafin ta sha rabin kofi, don ko ni ba ta son ta dama. An ba Gideon umarni ya rufe taku huɗun da suka rage ranar Asabar, a wanke fili, a ɗauki hoton ƙarshe. Ya ce mini shi ɗan aiki ne, abin da mai gida ya ce shi zai yi, amma ba zai ɗaga mace daga inda take zaune ba. Don haka na shimfiɗa tabarmata a wurin. A kanta nake rubutun nan.

Yaya Sirajo, Muzzammil, ku saurara. Kafin Asabar a ɗaga layi guda na tayil daga ƙofar Inna zuwa bayi, a zuba siminti mai kaushi. A mayar da dutsen niƙa gurbinsa a taku na huɗu. Inda saiwar take a kafa wani abu da ƙafa za ta ji. A mayar da ƙusar Baba a bango daidai tsayin kafaɗarta. Gideon ya ce aikin yini ɗaya ne. Kada wanda ya ƙara ce mini Inna ba ta ce komai ba, kun san ba za ta ce ba, ni na ce. In kuwa har yanzu tsari ne ya dame ka, Yaya, ka zo Gwandu da kanka, in ɗaure maka ido da ɗankwalina, in jiƙa maka ƙafa, in ba ka buta, ka kai kanka bayi daga ƙofar uwarka. Ku ba Gideon umarni yau.