Injiniya da Wushiryar Yaya Lawal

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shan koko aka bugo mani waya daga Ƙanƙara, wai Malam Isiyaku mai gyaran rediyo ya rasu. Na ajiye ludayin, har yanzu ban koma kanshi ba.

Injiniya muke ce mashi. Bai yi makarantar ba, amma ban taɓa jin wanda ya yi gardamar sunan ba. Kusan shekara hamsin muna tare.

Mutum ne da in ya gyara wa tsohuwa rediyo, sai ya kamo mata tashar da take ji, ya ɗiga jan fenti a wurin don kada ta ɓace mata. Ni kuwa ban san iyakar shirmen da ya hana ni saye ba.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne. Na same shi kan tabarma a ƙofar gida, kunnen ya yi nauyi, sai na riƙa ɗaga murya. Ya yi dariya ya ce, "Malamin gona, rage bes. Matso kusa dai, zan ji ka."

Wannan tsiyar ta bes da yake mani tana da tarihi, yau kuma ita ke ta dawo mani.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan ina malamin gona a Daudawa, iyalina suna Ƙanƙara. Ma'aikata kowa da haukarshi. Wasu babur, ni kayan sauti. Na haɗa saiti a falona na Ƙanƙara, amfilifaya mai nauyin buhun dawa da sifiku biyu masu kai mani ƙugu. In na murɗa bes, wato kaurin sauti, har kwanon rufi sai ya amsa. A wancan lokacin nauyi da ƙara kaɗai na sani, kuma ina ji da kaina ƙwarai.

Mahaifiyarmu, Inna, tana Mabai, idanunta sun tafi. Yayana Lawal ya je aikin hajji ya zauna neman abinci a can, shekara bakwai ba mu sa shi a ido ba. Rannan sai ga kaset ya aiko ta hannun wani alhaji, kamar yadda ake aiko saƙo a lokacin.

Dama ina son saiti na biyu a gidanmu na Mabai, sai na samu dalili. Na sayo wanda ya fi na Ƙanƙara girma, na haɗo da ɗan janareta, na tara mutanen gida a ɗakin Inna na kunna.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan ba Lawal ba ne."

Na ce wallahi shi ne.

Ta ce, "In ya rasu ku faɗa mani, zan iya ɗauka. Amma kada ku sa wani ƙato ya yi mani magana cikin akwati."

Daga ranar ta rage cin abinci. Ta fara ba da sadaka da sunanshi irin wadda ake yi wa mamaci. Na kawo alhajin da ya gan shi ido da ido, ta ce mun haɗa baki. Ina kallo tana ramewa, hankalina ya tashi.

Na je shagon Injiniya da fushina, ina cewa rikicin tsufa ne kawai. Ya bar ni na gama, ya ce, "Kai ka haife shi ko ita?"

Washegari ya rufe shago. Ya aro amfilifayar wani alhaji a Yankara, ya ɗauko wata 'yar ƙarama tashi da sifikunta, muka zuba a bayan a-kori-kura. Da hantsi muna Mabai.

Bai taɓa ko waya ɗaya ba sai da ya durƙusa ya gaida Inna. Ya ce, "Inna, in kina ɗaki Lawal na magana a tsakar gida, da me kike gane shi?"

Ta ce, "Wushirya gare shi. In ya ce sannu, sai ka ji ɗan fito ya biyo baya."

Ni da muka tashi ɗaki ɗaya da shi, ban taɓa lura ba.

Injiniya abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, ba ya gaggawa. Ya fara da tawa. Ya rufe ido ya saurara, ya ce mani, "Taka ta yi wa janareta nauyi, kaset na jan ƙafa, shi ya sa muryar ta yi kauri. Ga shi kuma ka murɗe bes har ƙarshe, sai ka ce gidan biki." Ya rage, ya sake kunnawa.

Inna ta ce, "Ya ɗan rame, amma ba shi ba ne."

Aka jona ta Yankara, mai koren fitila da allurai biyu masu rawa cikin gilashi. Gaskiya ta fi tawa laushi, in kiɗa ne da ita zan zaɓa. Inna ta karkata kai ta daɗe, sannan ta ce wannan ya fi kama da ƙanen babanmu.

Sai ya jawo tashi. Ba fitila, ba ado, hannu ɗaya ke ɗaukarta. Sifikun ma ƙanana, sai dai kowanne yana da ɗan ƙaramin baki a sama mai fitar da siririn sauti. Na ce, "Haba Injiniya, wannan abar?" Ko kallona bai yi ba. Ya ɗora sifikun kan turmi biyu daidai kunnen Inna, ya mayar da kaset farko.

"Salamu alaikum Inna, sannu da gida."

Sai ga fiton. Ɗan siriri, amma har ni na ji shi.

Inna ta miƙa hannu wajen sifikar. Ta ce, "Wa alaikumus salam. Sannu kai dai, Lawal." Duk gaisuwar da ya yi sai ta amsa, ya tambayi gero ta ba shi labari, yana ta magana tana ta magana. Da kaset ya ƙare ta ce a dama mata fura.

Ni kunya ta hana ni ɗaga kai, daɗi kuma ya hana ni fita.

Can ta tambaya, "Shi yana ji na?"

Injiniya ya ce, "Zai ji, Inna." Ya fiddo makirufo da sabon kaset daga jakarshi, ya riƙe mata a baki har gefe ɗaya ya cika. Ta faɗa wa Lawal wanda ya yi aure, da wanda ya rasu, da akuyar da ta haifi uku. A ƙarshe ta ce ta yafe mashi daɗewar da ya yi.

Ƙaramar amfilifayar nan a ɗakin Inna ya bar ta. Na yi na yi mu yi musaya da tawa, ya ce me zai yi da buhun dawa a shago. Bai karɓi abarshi ba sai da Inna ta rasu, kafin kaka ta zagayo.

Yaya Lawal bai dawo ba sai bayan shekara biyu. Kaset ɗin nan shi ne bankwanarsu.

Ɗazu na kira shi a Sabuwa na faɗa mashi rasuwar Injiniya. Ya yi salati. Sannan ya ce, "Ba don shi ba, da Inna ta tafi tana yi mani sadakar mamaci."

Ya Allah, bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka gafarta mashi, ka yalwata makwancinshi, ka sanyaya mashi kamar yadda ya sanyaya zuciyar tsohuwarmu. Ka ba iyalinshi haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Wanda duk ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ina roƙon arziki ya tsaya ya yi mashi addu'a, ya haɗa da Inna.