Kalmar "Ki" da Na Ƙwace wa Malam Iliya

Ranar Talata da hantsi ina tsaye gaban allo ina koyar da 'yan aji uku, sakatariyar sashenmu ta leƙo ta yafito ni da hannu. Da na fito baranda ta ce, "Dakta, Malam Iliya ya rasu. Yanzu aka bugo daga asibiti a Shika." Na san yana kwance mako biyu, kuma sau ɗaya tak na je duba shi. Na koma aji na sanar da ɗalibai. Wata yarinya a layin gaba ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kuka, samari suka yi tsuru-tsuru, wani ya tashi ya fita bai ɗauki littafinsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi abin da ya fara zuwa mini a zuciya a wannan lokacin. Tambayar kaina na yi: da ni ne na mutu, ko ɗaya daga cikinsu zai yi wannan kukan?

Ni da Iliya tare muka tashi a Samaru, aji ɗaya a firamare, benci ɗaya a makarantar Lahadi. Ni nake zuwa na ɗaya, shi kuwa can tsakiya, inda malami ba ya duka kuma ba ya yabo. Na yi digiri uku, shi ya tsaya a difloma ya zama ma'aikacin ɗakin kwamfuta a sashen da nake koyarwa. A ofis Dakta yake ce mini, a waje Habila. Bisa tsari ni ne babba, amma ɗalibi idan ya gama jin darasina ɗakin Iliya yake wucewa a fassara masa abin da na faɗa. Shugaban sashe ma, in an kawo masa sabon aiki, abin da yake fara cewa shi ne, "A kai wa Iliya ya taɓa ya gani." Shekara da shekaru ina jin wannan maganar, ban taɓa sabawa da ita ba.

Halinsa shi ne ba ya ganin laifin mai amfani da na'ura. Idan dattijon farfesa ya kasa buɗe wasiƙarsa a kwamfuta, mu dariya muke yi a bayan idonsa. Iliya kuwa sai ya ja kujera ya zauna kusa da shi ya ce, "Baba, ƙara yi in gani." Ba ya karɓe linzamin kwamfutar daga hannun mutum, kallo yake yi har sai ya ga inda hannun ya tsaya. Yakan ce, "In mutum goma suka yi tuntuɓe a bakin ƙofa ɗaya, dokin ƙofar za a duba, ba ƙafafunsu ba." Ni a lokacin ina ɗaukar wannan a matsayin lalacin wanda bai yi karatu mai zurfi ba.

Akwai shekarar da ma'aikatan wani ƙaramin asibiti a Basawa suka roƙi sashenmu mu yi musu abin da zai riƙa tuna wa mata masu ciki ranar awo. Ni aka ba aikin, kuma na yi shi da kyau, har gobe ina alfahari da yadda na tsara cikinsa. Na'ura ce ke kiran wayar mace da kanta kwana biyu kafin ranar, ta karanta mata saƙo, ta nemi ta danna lamba don a san ta ji. Da muryata na naɗi saƙon. Muka sake shi, muka zauna jira. Mafi yawan matan ba su danna komai ba, kuma ranar awo benci rabinsa babu kowa kamar da. A taron sashe na miƙe na ce matsalar jahilci ce, sai an wayar musu da kai tukuna. Iliya yana can baya kusa da taga, ya ɗaga hannu ya ce, "Dakta, bari in je in gani."

Mako uku yana hawa babur ɗinsa zuwa Basawa duk ranar awo, ya zauna a ƙarshen benci da 'yar wayarsa mai madannai, yana kunna wa mata saƙon yana kallon fuskokinsu. Da ya dawo, ofishina ya shigo ya rufe ƙofa, don kada ya kunyata ni a gaban mutane. Ya kunna mini muryata: "Idan ka ji wannan saƙo, ka danna ɗaya."

"To, me ya faru?" na ce.

"Sake ji, Habila."

Na sake ji, ban ga komai ba. Sai ya ce wata mata ta dube shi ta ce, "Malam, ai wayar nan ba da ni take ba. 'Ka' take cewa. Sai in ajiye maganar in maigida ya dawo in gaya masa an kira shi." Wata kuma ta ce masa, "Ƙaton namiji ya kira ni, ko sallama babu, ya hau ba ni umarni. Kashewa na yi, kada a ji a gida a ce wane ne." Ni Bahaushe, ɗan Bahaushiya, na yi wa mata masu ciki na'ura tana kiransu da "ka", don a raina da mutumin da ke cikin littafi nake magana, ba da matar da ke riƙe da waya ba.

Gyaran bai ɗauke shi mako guda ba. Ya kawo matarsa, Maman Dauda, ta naɗi saƙon da muryarta. Ta fara da sallama, ta ce sannu da jiki, ta faɗi sunan asibitin, sannan ta ce, "In kin ji ni, ki danna ko wace lamba," don ya lura lamba ɗaya ta goge a wayoyi da yawa. Ya shiga kasuwar Sabon Gari ya samo wata mai sayar da busasshen kifi ta naɗa da Turancin broka saboda matan Kudu. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Na'ura baƙuwa ce a gidan mutane, baƙo kuwa shi ke fara gaisuwa." Kafin wata biyu sai da asibitin ya aro benci daga makarantar da ke kusa.

Ya kamata in yi murna. Baƙin ciki na yi, kuma mai tsanani. Wata shida na aikin ƙwaƙwalwa, mutum ya zo da kalma mai harafi biyu ya fi ni. Da muka je ziyara asibitin, ungozoma ta wuce ni ta je ta gaishe shi har da rusunawa, mata suna nuna shi suna cewa mijin mai muryar nan ne. Ni aka ba kujera, shi aka ba hira.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Na rubuta takarda a kan wannan aikin na gabatar a taron masana, aka buga ta a mujalla, kuma tana cikin takardun da aka duba aka ƙara mini girma. A cikinta na ce "mun lura", na ce "bincikenmu ya nuna". Sunana ne kaɗai a sama. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, na gode wa "ma'aikatan ɗakin kwamfuta". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba mantuwa na yi ba. Na rubuta sunansa a kwafin farko, na zauna ina kallonsa kusa da nawa, sannan na goge. Iliya bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni kuma na lallashi kaina da cewa irinsu ba sa karanta mujalla.

Ranar jana'iza majami'a ta cika har waje. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga garuruwa, masu gyaran waya na Sabon Gari sun rufe shaguna, ga mata Musulmi da mayafansu tsaye a inuwar katanga, wasu da goyo. Na tsaya ina kallonsu, kuma Allah ya gafarta mini, ƙyashin bai bar ni ba har bakin kabari.

Bayan kwana uku na je gidansa a Jushi da niyyar in faɗa wa Maman Dauda gaskiya. Na fara kame-kame, ta tare ni, ta kira ni da sunan 'yata kamar yadda ta saba. "Baban Rahila, maganar takardar nan ce? Ai ya sani." Ta shiga ɗaki ta fito da mujallar a cikin leda, gefen shafukan duk ya yi laushi don karatu. Ta ce wani ɗalibi ne ya kawo masa, ita kuma ranar ta yi faɗa har ta ɗauki mayafi za ta zo ofishina. Ya hana ta. Ya ce mata, "Bar shi. Habila sunan yake buƙata, da shi ake auna su a can. Ni in an sa nawa me zan yi da shi? Kowa a ba shi abin da zai iya amfani da shi."

Ashe ni ma ya zauna a gefena ya kalli inda hannuna ya tsaya, ya ga abin da ke damuna, ya gyara mini hanya ba tare da ya ga laifina ba. Na zo neman gafara na tarar an riga an yi mini tun shekaru, kuma ko a wannan ya fi ni. Ban iya kallon idonta ba.

Don haka ina shaida wa duk mai karanta wannan, musamman Dauda da ƙannensa: abin da ya sa aikin Basawa ya yi amfani, mahaifinku ne ya gano shi. Ni na gina na'ura, shi ya sa ta iya magana da mutane. Na rubuta wa masu mujallar na faɗa musu haka, na kai kwafin wasiƙar ga shugaban sashe, kuma duk abin da zai biyo baya na karɓa.

Ubangiji ya ji ƙan bawansa Iliya, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa ta har abada. Ya ta'azantar da Maman Dauda, ya zama uba ga marayun da ya bari, ya raya su da halin mahaifinsu. Ni kuma da na rage, Allah ya cire mini wannan ƙyashin kafin tawa ta zo, don in na sadu da Iliya in iya yi masa murna sau ɗaya da zuciya ɗaya. Amin.