Shekara Shida Malam Gilbert Yana Yanka Latas

Malam Gilbert ya koyar da lissafi shekara talatin da biyu a firamare, sannan ya yi ritaya ya zauna a gidansa na unguwar Herwagana da matarsa Hilda. Har ya ajiye alli bai san inda ake ajiye wuƙa a kicin ɗin gidan ba.

A shekarar ne likita ya ce Hilda tana da ciwon suga da hawan jini. Ta rage tuwo da shinkafa, ta bar zaƙi, ta yawaita ganye. Idonta ya fara dushewa, sau biyu tana yanke yatsa wajen yankan kabeji. Sai Malam ya karɓi wuƙar.

Kullum da hantsi yakan taka wurin Dalhatu mai kayan lambu a bakin layi. Dalhatu ne ya koya masa gane latas ɗin da aka ciro da safe, da gurjin da ba shi da ɗaci. In ya dawo sai ya jiƙa su a ruwan gishiri, ya ɗauraye sau uku, ya yanka kabeji siriri, ya goga karas, ya matsa lemun tsami, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Lokacin zafi, in kankana da gwanda sun cika gari, yakan ɗora mata yanka biyar ƙanana a gefe, ba ƙari. Abokansa na coci suna tsokanarsa wai ya zama kuku da furfura. Bai kula su ba.

"Baban Joan, yau ma ciyawar ce?" in ji Hilda.

"Ci dai, Maman Joan. Na sa miki albasa da yawa."

Takan ci rabi ta ture kwanon.

Duk zuwa asibiti, sugan yana sama. Malam ya ɗora wa kansa laifi. Ya cire kankana, ya cire karas, shi ma ya daina cin tuwo a gabanta har wandunansa suka yi masa yawa. A shekara ta shida ƙodarta ta gaza, ta rasu cikin watan Afrilu.

Ranar zaman makoki yana ɗaki sai ya jiyo muryar Jacinta, ƙanwar marigayiyar, cikin mata a tsakar gida.

"Yaya ta sha wuya a gidan nan. Kullum ganye kamar akuya. Da ba don ni ba da ko daɗin baki ba ta ji ba. Duk Talata da Juma'a in ya tafi taron maza a coci, nake kawo mata masar shinkafa da zuma da lemon kwalba."

Ya ɗaga labule ya fito. Ya tsaya a gabanta.

"Jacinta, tun yaushe?"

"Tun shekarar farko, Malam. Ita ta ce kar ka sani. 'Yar'uwata ce, ba zan ga tana kuka in ƙyale ta ba."

Wata tsohuwa ta ce ai kwana ne ya ƙare, a bar tone-tone. Sauran suka gyaɗa kai. Babu wadda ta ce wa Jacinta ta yi kuskure. Malam ya koma ɗaki, har aka watse bai sake fitowa ba.

Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya, shi kaɗai a gidan. Ran Lahadi yana gaisawa da Jacinta, don fasto ya roƙe shi, amma gaisuwar ba ta wuce kalma biyu. Da 'yarsa Joan ta zo Kirsimeti, sai ta ce ya yafe wa innarta.

"Ba Jacinta ce ke ci mini rai ba," in ji shi. "Mamanki ce. Tana zaune tana kallona ina yanka, ta san ba ya amfanin komai. Da ta faɗa mini, da ni zan sayo masar, guda ɗaya, mu raba mu ci tare."