Ma'ajin da Ya Ƙi Taɓa Kuɗin Fenti

Shekara ashirin ke nan da muka binne yayana Garba a Nasarawa, nan Birnin Kebbi, kuma har yau in damina ta kama sai zuciyata ta yi nauyi saboda shi.

Shi ne ma'ajin ƙaramar hukuma a Argungu lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato. A zamanin ne farashin mai ya karye, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka kafa doka: kuɗin da aka ware wa wani aiki ba a karkatar da shi sai da izinin Sakkwato. Yaya ya yi murna da dokar, don ya ga facakar da aka yi a baya. Mutum ne mai taurin kai, wallahi ko biron ofis ba ya zuwa da shi gida.

Sai ambaliya ta cinye shinkafar Gulma, ko irin shuka bai tsira ba. Shinkafar fadama kuwa sai an shuka ta kafin kogi ya cika, in ka makara shekarar ta wuce ka. Dattawan garin suka zo neman iri. Abin da ya rage a baitulmali na fentin ofis ne.

"Ma'aji, bango ba shi jin yunwa," in ji babbansu. "Mi za mu shuka?"

"Baba, ku yi haƙuri. In na taɓa yau don ku, gobe wani za shi taɓa don cikinai."

Ya tafi Sakkwato da kansa, ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan. Izini ya fito, amma ranar da motar iri ta isa Gulma, kwalekwale ne ke yawo a inda ya kamata a yi shuka. Magidanta da yawa suka tafi ci-rani, wasu ba su dawo ba.

Yau fa? Kowa ya ce gaggawa sai a buɗe masa baitulmali, ba mai tambaya, kuma har yanzu iri ba ya zuwa wa manomi a kan lokaci. Da Yaya na raye, da takaici ya kwantar da shi. Amma ni dai ba zan iya cewa ya yi daidai ba, kuma wannan na damuna ƙwarai. Na ga abin da doka ke yi in ba a bar wa mai amana ƙofar bi ranar bala'i ba.

Bai bar mana dukiya ba, bai bar abin kunya ba. Mutane na yabon amanarsa, ni ma ina yabawa. Sai dai a jinyarsa ta ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce, "Ka tai Gulma ka roƙa mini gafarar dattijon nan."

Na je. Na tarar ya riga Yaya rasuwa.